Matakan Izini da Tsaro Kafin Girka Manhajar Gudanar da Uwar Garke: Bayani da Keɓaɓɓun Kalmominsu a Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta kwamfuta zalla, babbar na'urar nan da ake kira uwar garke ta zama abin aikin yau da kullum a garuruwa irin su Gombe. Uwar garke ita ce kwamfutar da ke riƙe bayanai tana rarraba wa sauran kwamfutocin da aka jona da ita. A unguwa kamar Kumbiya-Kumbiya, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gombe, Hausa ce harshen da ya haɗa Fulani da Bolewa da Terawa da Tangale, kuma da ita maigida yake koya wa yaronsa sana'a. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana matakan izini da tsaro da ake ɗauka kafin a girka manhajar gudanar da uwar garke, tare da duba kalmomin Hausa da suka dace da kowane mataki. Aikin ya bi sawun Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, sai dai fagen ya bambanta.

2.0 Dalilin Gabatar da Tsaro

Manhajar gudanarwa, irin su cPanel da Plesk da Webmin, ita ce ke ba ma'aikaci damar sarrafa uwar garke daga shafi guda: buɗe asusu, ajiye fayil, share bayanai. Ba ta iya yin haka sai an ba ta cikakken iko a kan na'urar. Ke nan wanda ya mallake ta ya mallaki kome. Alal misali, a watan Yuli na 2021 ɓarayin intanet sun bi ta manhajar gudanarwa ta kamfanin Kaseya na Amurka, suka kulle bayanan ɗaruruwan kamfanoni suna neman kuɗin fansa. Kafin nan, a 2016, muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban na'urori ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirrin da aka sayar da na'urorin da su, waɗanda masu su ba su canza ba. Saboda haka, rigakafi ya fi magani: ana kafa tsaro tukuna, sannan a girka manhaja.

3.0 Matakai da Kalmominsu

Tsarin gari da na gidan Bahaushe ya riga ya tanadi kalmomin da ke rarrabe wanda zai shiga da inda zai tsaya. Daga wannan rumbu aka ɗebo mafi yawan kalmomin da ke tafe.

3.1 Maigida da Wakili

A tsarin Linux akwai asusu guda mai suna root, wanda ba a hana shi kome. Kalmar "maigida" ta dace da shi, domin shi ne mai wuƙa da nama. Matakin farko shi ne a buɗe wani asusu na aikin yau da kullum, wanda zai riƙa aron ikon maigida ta umurnin sudo idan bukata ta taso. Wannan shi ne "wakili". Amfaninsa biyu ne: kuskuren wakili ba ya kai na maigida ɓarna, kuma na'ura tana rubuta duk abin da aka yi da ikon aro.

3.2 Izini da Iyakarsa

Kowane fayil yana da izini iri uku: na karantawa, na rubutawa da na zartarwa. Ana raba su ga rukuni uku: mai fayil, ƙungiyarsa da sauran jama'a. Ƙa'idar da Saltzer da Schroeder suka bayyana a 1975 ita ce kada a ba kowa izinin da ya wuce bukatar aikinsa. A Hausa ana iya kiranta "iko gwargwadon aiki". Bahaushe ya san wannan tsari: baƙo iyakarsa zaure, ɗan'uwa ya kai shigifa, amma turaka ta maigida ce.

3.3 Kalmar Sirri da Makulli

Ana shiga uwar garke daga nesa ta hanyar SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finland a 1995. Hanyar tana karɓar kalmar sirri, tana kuma karɓar tagwayen lambobi waɗanda ɗaya ke zama a uwar garke, ɗaya a hannun ma'aikaci. A Ingilishi duka biyun suna guda suke amsawa, abin da ke rikita ɗalibi. Hausa kuwa tana da "kwaɗo" da "ɗan makulli": kwaɗo yana rataye a ƙofa kowa na ganinsa, ɗan makulli yana aljihun mai shi. Bayan an ɗora kwaɗon, sai a gwada shiga da ɗan makulli. Idan ya buɗe, sannan a haramta shiga da kalmar sirri, a kuma hana maigida shiga kai tsaye daga nesa. Wanda ya juya wannan jeri zai iya kulle kansa a waje.

3.4 Ganuwa da Ƙofofi

Uwar garke tana sadarwa ta mashigai masu lamba, daga 0 zuwa 65535. SSH tana amfani da 22, shafukan intanet da 80 da 443, Webmin da 10000, shafin shugaban cPanel kuwa da 2087. Waɗannan su ne "ƙofofi". Manhajar da ke tsare su wasu na fassara sunanta da "katangar wuta", wadda ke sa mai sauraro ya zaci katanga ce da ke ci da wuta. "Ganuwa" ta fi dacewa, domin ganuwar Kano ko ta Zariya ba ta rufe gari ruf ba: ta kewaye shi, ta bar ƙofofi ƙidayayyu, kowace da sarkinta. Haka ake saita wannan manhaja, wato a rufe duka, a buɗe abin da ake bukata kawai. Dole a buɗe ƙofa ta 22 kafin a tayar da ganuwa, ƙofar manhajar gudanarwa kuma a taƙaita ta ga adireshin kwamfutar ma'aikaci.

3.5 Sabuntawa da Ajiya

Mataki na ƙarshe shi ne sabunta tsarin na'ura don toshe ɓarakar da aka riga aka gano, da ɗaukar kwafin saitin a ajiye a wani wuri dabam. Kalmar "ajiya" ta wadatar, domin abin da aka ba wani ajiya ana sa ran karɓo shi ranar bukata.

4.0 Kammalawa

An ga cewa matakan nan biyar jeri ne, kowane yana dogara da wanda ya gabace shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma wannan ya haɗa da makaranta da asibiti da cibiyar jarrabawa. Yaron da aka koya wa umurni ya haddace ba tare da ya fahimci dalili ba, shi ne zai bar ƙofa a buɗe. Don haka ana ba da shawarar masana harshe su zauna da ma'aikatan kwamfuta su gwada kalmomin maigida, wakili, kwaɗo, ɗan makulli, ƙofa da ganuwa a wuraren koyon sana'a, a ga waɗanda bakin jama'a zai karɓa kafin a shigar da su ƙamus.