Tarin Tokar da Girkawa Suka Yi Hadaya a Kai

Wanda ya je kufan Olimfiya, a yammacin ƙasar Girka, idonsa zai fara sauka ne kan manyan ginshiƙan haikalin Ziyus, babban abin bautar Girkawa, da girgizar ƙasa ta zubar. A nan aka girke gunkin zinariya da hauren giwa mai tsayin kusan mita 12. Sai dai ba a cikin ɗakin ake yanka ba. Ainihin wurin bautar yana waje, a fili, kuma tsibin toka ne.

Fausaniyas, matafiyin da ya ziyarci wurin a ƙarni na 2 miladiyya, ya bar mana siffar wannan bagadi: tsayinsa ƙafa 22, kewayen gindinsa ƙafa 125. A matakin ƙasa ake yanka dabba, sannan a hau da cinyoyin ƙololuwa a ƙone. Lokacin wasannin Olimfik, shanu 100 ake kayarwa a rana guda, jama'a su ci sauran naman. Kowace shekara kuma sai a kwaɓa toka da ruwan kogin Alfiyos a yaɓe tsibin, kamar yadda ake yi wa ginin ƙasa kafin damina. Da haka ya riƙa tashi, zuriya bayan zuriya.

Jamusawa sun fara tonon wurin a 1875 ƙarƙashin Ernst Curtius, bisa yarjejeniyar cewa kayan da aka tono za su zauna a Girka, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Shekara shida suna kwashe laka da yashin da koguna suka jibga. Sun fito da haikali, sun fito da gumakan marmara. Bagadin kam, ko gindinsa ba su gani ba. Toka ba ta jure ambaliya.

Abin da suka ci karo da shi baƙar ƙasa ce shimfiɗe kusa da haikalin Hera, matar Ziyus, cakuɗe da gawayi, ƙasusuwa da dubban ƙananan siffofin dawaki da shanu na tagulla da yumɓu, waɗanda masu bauta suka ajiye. A ganin mai wannan rubutu, ta fi marmarar bayani. Wasu siffofin sun kai ƙarni na 10 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ana hura wuta a Olimfiya kusan shekara 200 kafin tseren Olimfik na farko na shekarar 776 kafin haihuwarsa.