Ƙugin Lasifika: Ba Waya Mai Tsada Ce Maganinsa Ba

A gidajen ma'aikata da ɗakunan ɗalibai da dama akwai wani ƙugi mai kama da na zirnaƙo wanda kan taso daga cikin lasifika da zarar an kunna na'urar sauti, tun ba a kama tasha ko an sa faifai ba. Wasu sukan haƙura da shi har kunnensu ya saba. Wasu kuwa sukan nufi kasuwa, inda mai kanti zai miƙo musu wata wayar wuta mai kauri da ƙyalƙyali, ya ce ita ce magani. Galibi kuɗin kan tafi, ƙugin kuma yana nan daram.

Wutar lantarkin da ake ba gidaje a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne, kuma tana kai da komowa sau 50 a cikin kowace daƙiƙa. Wannan kai da komowa shi ne kunne yake ji a matsayin ƙugi idan ya sami hanyar kutsawa cikin sauti. To, wutar da ta taso daga madatsar ruwa ta Kainji ko ta Shiroro, ta ratso ɗaruruwan kilomita da taransifomomi iri iri kafin ta iso bangon ɗaki, ba yadda za a yi wata 'yar waya mai tsawon mita biyu ta tace ta a ƙarshen tafiya, komai tsadarta.

Amma fa wannan ba ya nufin a sayi kowace irin waya. Abin da ake bukata shi ne ta zama ta jan ƙarfe zalla, mai sili uku a ciki. Wadda kaurinta ya kai 0.75 tana ɗaukar amfiya 6, wato wajen wat 1,380, abin da ya ninka bukatar yawancin na'urorin sauti na gida. Matsalar da ke kasuwa ita ce ta jabu, wato alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Idan aka kankare silin da reza aka ga fari ya bayyana, to, a mayar wa mai ita abarsa, domin irin wannan takan yi zafi, kuma takan karye a bakin fulogi. A wajen ɗaurawa, ruwan ƙasa shi ne mai ɗauke da wuta, shuɗi mai mayar da ita, mai ratsin kore da rawaya kuwa shi ne wayar ƙasa. Fis mai amfiya 3 ya ishi ƙaramar na'ura, na 13 na su dutsen guga ne. Al'adar nan ta cusa guntun waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fis neman gobara ne kawai.

Shi kuwa ƙugi, farautarsa ake yi, kuma ba ta cin ko kwabo. Da farko sai a zare duk wayoyin da ke kai sauti cikin amfilifaya, a bar ta daga ita sai lasifikoki, sa'an nan a kunna. In har ƙugin yana nan, kuma murɗa makunnin ƙara bai rage shi ko ƙara shi ba, to, ciwon yana cikinta. Sau da yawa manyan kondensoshin da ke daidaita wuta ne suka bushe, abin da zafin bazara kan gaggauta, musamman ga na'urar da aka cusa cikin kabad ba iska. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne, ba na mai gida ba, domin kondensa takan riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

In kuwa ɗakin ya yi tsit, to, daga waje ɓarawon yake shigowa. Sai a riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wadda za ta ta da ƙugin. Mafi yawan lokaci a kan talabijin ko dikoda ake tsayawa. Dalili kuwa shi ne, idan na'urori biyu suna jone a soket dabam dabam, ko ɗayarsu tana haɗe da wayar eriya da ta sauko daga kan rufi, kowacce tana da tata hanyar zuwa ƙasa, ɗan bambancin ƙarfin wuta da ke tsakaninsu sai ya bi ta cikin wayar sautin da ta haɗa su. Maganin farko shi ne a jona su duka a wuri guda. In bai ji ba, akwai wata 'yar ƙaramar taransifoma da ake sawa a kan wayar sauti don ta yanke wannan zagaye. Haka nan kuma kada a ɗaure wayar sauti da ta wuta cikin dami ɗaya don neman tsabta. In dole ne su haɗu, to, ɗaya ta gicciye ɗaya.

A nan ne wasu masu gyara suke yin abin da ya fi kome hatsari, wato su karya doguwar ƙafar fulogi ko su yanke wayar ƙasa. Lalle ƙugin yakan ɗauke nan take, mai gida ya yi godiya har da tukuici. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, wannan ƙafa ita ce ke kwashe wuta ta kai ƙasa, ta sa fis ya ƙone, ranar da wata waya ta goge ta taɓa jikin na'ura. In babu ita, wutar sai ta zauna a jikin ƙarfen tana jiran wanda zai taɓa, wanda kuwa zai taɓa ɗin yana iya zama yaro ne da ke tsaye ba takalmi a kan siminti mai laima. Akwai ma gidajen haya da soket ɗinsu ke da rami uku amma ba a taɓa kafa musu ƙarfen ƙasa ba, saboda haka ya kamata mai aikin wuta ya auna ya tabbatar.

Wani ƙugin kuma baƙo ne mai zuwa da tafiya. Ƙaramin janareta, da inbata mai araha, da makunnin rage gudun fanka, da cajar waya ta jabu, kowannensu yana iya watsa ƙara cikin layin gida, kuma ana gane mai laifin ta hanyar kashe su ɗaya ɗaya. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 aka san kat-kat ɗin nan da lasifika kan yi gab da shigowar kira, wanda maganinsa shi ne a nisanta wayar.

Masu sayen kayan gwanjo kuma su duba rubutun da ke bayan na'ura tun a gaban mai kanti. Wadda aka ƙera don Amurka bolt 120 take sha, ta Japan kuwa 100, kuma in ba ta da makunnin sauya ƙarfi, sai an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta kafin ta kusanci soket.