Ka Gina Manhaja A Samaru, Me Ya Hana Ɗan Kasuwar Sabon Gari Ganinka A Google?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari sautin ba.

Yau maganar da 'yan uwanmu masu haɗa manhaja muke. Tun 1962 da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru take yaye masu ilimi, yanzu kuma cikinsu har da gwanayen kwamfuta. Za ka ga matasa biyu ko uku sun haɗa kai sun gina manhajar haya, wato wadda ake amfani da ita ta intanet ana biya duk wata: ta lissafin kaya a kantin magani, ta fitar da sakamakon jarrabawa a makarantun kuɗi, ta rubuta bashin kwastomomi. Manhaja tana aiki lafiya lau, amma masu biya ba su wuce abokai da dangi ba. Kuɗin data da na ajiye shafi suna ta fita, daga ƙarshe kowa ya kama gabansa, wani Abuja wani Legas. Alhali ga kasuwar Sabon Gari nan, mota ɗaya ce daga bakin jami'a, cike da mutanen da har gobe a littafi suke lissafi.

To ɗaya daga cikin hanyoyin haɗa su biyun ita ce abin da 'yan boko ke kira SEO, wato gyara shafinka yadda injin bincike zai nuna shi ga mai nema ba tare da ka biya kuɗin talla ba.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a 1998, abu uku yake yi. Yana aika 'yan leƙen asirinsa na kwamfuta su bi shafuka suna karantawa. Sai ya adana abin da suka karanto a kundinsa. In mutum ya rubuta tambaya, sai ya jero shafukan da yake ganin sun fi amsa ta. Ke nan in shafinku hoto ne kawai da taken "mu ne kan gaba a fasaha", babu tambayar da kuka amsa, babu kuma dalilin da zai sa a jero ku.

Abu na farko, kada ku yi kokawa da giwa. In kun ce sai kun fito a kan kalma mai faɗi irin "manhajar lissafi" da Turanci, da kamfanonin Amurka da Indiya kuke takara, masu ma'aikata ɗaruruwa. Ku nemi doguwar tambaya mai kaifi: yadda ake gane maganin da ya kusa lalacewa a kanti, yadda ake haɗa sakamakon zangon karatu na aji guda, yadda mai POS zai daidaita cinikin yini. Masu irin wannan tambayar ba su da yawa, amma su ne masu matsalar, su ne kuma masu biya.

A ina za ku samo tambayoyin? A bakin mai saye. Ku shiga kasuwa, ku zauna a benci ku ji yadda mai shago yake faɗin damuwarsa. Ku duba saƙonnin da ake turo muku a WhatsApp. Duk tambayar da aka yi muku sau uku, ta cancanci shafinta guda, da take bayyananne, da amsa cikakkiya, sannan a ƙasa ku nuna yadda manhajarku ke sauƙaƙa aikin.

Nan ne fa muke da sa'ar da na waje ba su da ita: Hausa. Rubutun Hausa a intanet ya fi yawa a labarai, addini da finafinai. Bayanin sana'a da lissafin kasuwanci kuwa ƙalilan ne, fili a buɗe yake. Sai dai ku lura da yadda mutane ke rubutu a waya. Galibi ba sa saka haruffa masu ƙugiya, "kudi" suke rubutawa a madadin "kuɗi", kuma suna cakuɗa Hausa da Turanci. Ku gwada neman kalmar ta fuska biyun ku ga abin da ke fitowa kafin ku zaɓi take. Haka sunan gari: wani Zaria zai rubuta, wani Zariya. Kuma in kun ce Sabon Gari kawai, akwai na Kano, in kun ce Samaru, akwai Samarun Kataf a kudancin jihar Kaduna. Ku riƙa haɗawa da Zariya. In kuna da ofis ko da ɗaki ɗaya ne, ku yi masa rajista a Google Business Profile, kyauta ne, don ku fito a taswira.

Abu na gaba, waya. Google yanzu da fuskar shafin da ake gani a waya yake auna ku, kuma shawararsa ita ce babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Kada ku gwada da kwamfutarku mai tsada. Ku ari ƙaramar Tecno ko itel, ku tsaya a Kwangila ku buɗe shafin. In ya tsaya yana juyi, ku rage nauyin hotuna.

Sai maganar shaida. Google yana ɗaukar mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naku kamar yadda muke ɗaukar shaidar mutumin kirki a kasuwa. Makarantar da ke amfani da manhajarku ta ambace ku a shafinta, ko jarida ta rubuta labarinku, wannan shaida ce ta gaske. Amma masu zuwa su ce ku kawo kuɗi su saya muku mahaɗi dubu, ko su kai ku lamba ɗaya cikin mako guda, ku guje su. Tun 2012 Google ya fito da tsarin Penguin don daƙile irin wannan maguɗin, kuma shi da kansa ya ce babu mai iya ba da tabbacin lamba ɗaya. Ya ma ce aikin kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Abin noma ne, sai an jira damina.

To ku uku ne, wa zai yi duk wannan? Ku ba mutum ɗaya ragamar, yini ɗaya a mako. Shafi ɗaya mai kyau duk mako biyu ya fi tarkace ashirin da aka kwafo. Ku haɗa shafinku da Google Search Console, shi ma kyauta ne, zai nuna muku kalmomin da aka rubuta aka gan ku, da shafukan da ba su shiga kundi ba. Kuma kada yawan baƙi ya ruɗe ku. Lissafin da ya kamata ku yi ƙarshen wata shi ne: mutum nawa suka gwada manhajar, nawa suka biya, ta wane shafi suka shigo?

Aikin gida na wannan makon: ku rubuta tambayoyi goma da kwastomominku suka fi yi, ku nemi kowacce a Google, ku ga wa ke amsa ta yanzu. Wadda babu mai amsa ta da kyau, da ita za ku fara. Ku tura wa abokin da ke fama da manhajarsa, mu haɗu a shiri na gaba. Allah Ya sa albarka a nema.