Gandoki: Inda ɗalibai ke tuntuɓe wajen zaɓen taken nazari

Ɗalibin Hausa daga Gaya ko Ajingi da ke karatu a kwalejin ilimi ko jami'a, idan ya kai shekarar ƙarshe, sai ya rubuta kundin bincike kafin ya karɓi sakamako. Wasu kan ɗauko tsofaffin littattafan jarumta, musamman Gandoki na Malam Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933.

Tun daga take ake samun cikas. An sha rubuta "Jigo da salo a Gandoki", kuma ba ya ɗauke da wata tambaya da za a amsa. Mai irin wannan take yakan ƙare da maimaita labarin, malami ya mayar masa da aikin, ya yi asarar makonni da kuɗin buga takardu.

Alhali littafin da kansa ya ba da ƙofa. Kashin farko tarihi ne: Gandoki na yaƙar Turawa tare da Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, wanda garinsa ya faɗi a 1901, har zuwa Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Daga nan labari ya juya. Jarumin da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka faɗa duniyar aljanu, suna cin nasara a yaƙe-yaƙe.

Me ya sa sai bayan bindigar Bature ta yi galaba aljanu suka shigo? Wannan tambaya kaɗai ta isa kundi, domin dole ɗalibi ya nuna shafin da tarihi ya tsaya, almara ta karɓa.

Ɗan Gaya bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Ya tashi da jin labarin maƙerin nan mai suna Kano, da aka ce ya bar Gaya zuwa dutsen Dala neman tama, labarin da shi ma tarihi da almara suka cakuɗe a ciki.

Akwai kuma ƙarshen littafin, inda Gandoki ya dawo gida ya tarar da zamanin Turawa ya kafu. Ofishin gwamnatin mulkin mallaka ne ya buga littafin, don haka ɗalibi na iya bincikar ko hakan ya yi tasiri kan yadda Bello Kagara ya rufe labarin.