Tsakuren kiɗa: Rigimar Manu Dibango da Rihanna, da abin da ta shafi matasan situdiyo a jihar Maraɗi

A wuraren biki a Aguie, Gazawa da Gidan Rumji, da wuya mai sa kiɗa ya tashi bai saka waƙar da aka ɗora a kan wata tsohuwa ba. Wani lokaci kalangu ne aka yanko daga tsohon kaset, wani lokaci amshin wani makaɗi da ya daɗe da rasuwa, aka haɗa da bugun kwamfuta. Waƙar takan yi yawo daga waya zuwa waya, ta WhatsApp da TikTok, har ta isa ga ’yan ci-rani a Libiya da Aljeriya. Sau da yawa babu mai ambaton wanda ya fara yin kiɗan, balle a biya shi.

Wannan aron, wato yanko ɓangaren waƙar wani a saka cikin sabuwa, ya taɓa kai manyan mawaƙan duniya kotu.

A 1972 mawaƙin Kamaru, Manu Dibango, ya fitar da “Soul Makossa”. Bayan shekara 10, Michael Jackson ya yi amfani da amshinta a waƙar “Wanna Be Startin’ Somethin’” ta kundin Thriller, ba tare da izini ba. Dibango ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu.

A 2007 Rihanna ta tsakuro wannan amshin a waƙarta ta rawa, “Don’t Stop the Music”. Ta nemi izinin Jackson, amma ba a tuntuɓi Dibango ba. Waƙar ta karɓu sosai: ta zo ta 3 a jadawalin Billboard na Amurka, ta zo ta ɗaya a Faransa da Jamus. A watan Fabrairun 2009 Dibango ya sake shigar da ƙara a Paris, amma alƙali ya kori ƙarar, saboda tun kafin nan ya amince kamfanin Universal ya rubuta sunansa a jikin faifan da ake sayarwa a Faransa. Dibango ya rasu a watan Maris na 2020.

Haka aka yi da “Waka Waka” ta Shakira, waƙar gasar cin kofin duniya ta 2010, wadda aka ɗauko amshinta daga “Zangaléwa” ta ƙungiyar Golden Sounds, ita ma ta Kamaru, ta 1986. Sai da ’yan Kamaru suka yi ta surutu kafin aka ji labarin yarjejeniya da ƙungiyar. A Najeriya kuwa, Burna Boy ya bi hanyar izini a “Last Last” ta 2022, kuma da bakinsa ya ce Toni Braxton, wadda ya tsakuro waƙarta, na karɓar kashi 60 cikin 100 na kuɗin.

A ƙasar Hausa aron kiɗa ba baƙon abu ba ne. Ɗan amshi kan shekara da shekaru a bayan ubangidansa, ya gaji salonsa, ya kuma riƙa ambaton sunansa a fage. Ladan makaɗi a lokacin shi ne kari da kyautar da ake yi masa ido da ido. Yanzu kuɗin sun koma YouTube da sauran manhajoji, kuma suna shiga asusun wanda ya ɗora waƙar ne. Idan ba a yi takarda ba, abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nijar na da doka a kan wannan. Dokar watan Disambar 2010 ta kare haƙƙin mai ƙirƙira, ta kuma haɗa da kayan al’adun gargajiya. Hukumar BNDA da ke Yamai ce ke rajistar ayyukan mawaƙa da karɓar musu kuɗi. Ƙasar kuma mamba ce a OAPI, ƙungiyar da aka kafa bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977.

Saboda haka matashin da ke haɗa kiɗa a situdiyo a Gazawa ko Maraɗi, kafin ya saki waƙa, abu uku ne a gabansa: ya gano mai kiɗan ko magadansa, ya rubuta abin da suka amince a kai, ya sa sunansa a jikin waƙar. Magadan makaɗa su ma sai sun yi rajistar abin da iyayensu suka bari, domin Dibango da yake da faifai da lauyoyi ma sai da ya je kotu sau biyu a kan amshi guda.