Ƙofofin Cibiyar Kwamfuta da Yadda A Ke Gina Su Domin Gobe

1. Cibiya da ƙofofinta

Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ita ce ke riƙe da ragamar inji duka. Masana suna kiranta kanel, a nan kuwa za a kira ta cibiya. Ita ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin ajiya, ita ke hana wata shiga gonar wata. Cibiyar da ta fi yaɗuwa ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Helsinki cikin 1991 bisa tsarin Unix na 1969. Duk wayar Android da ke hannun ɗan kasuwa a Kurmi, a kanta ta ke tafiya.

Manhaja ba ta isa ga cibiya sai ta wasu ƙofofi ƙididdigaggu, kamar yadda a dā ba a shiga birnin Kano sai ta Ƙofar Mata, ko Ƙofar Nassarawa, ko Ƙofar Ruwa da 'yan'uwansu, kowace da Sarkin Ƙofarta. An yi waɗannan ƙofofi daidai da jaki da raƙumi. Da mota ta zo sai aka faɗaɗa waɗansu, aka kuma fasa sababbi, kamar Sabuwar Ƙofa. Masu gina Linux kuwa ba su da damar rushewa, gama dokarsu ita ce, manhajar da ke aiki jiya kada sabuwar cibiya ta karya ta yau. Saboda haka ƙofar da aka buɗe da kuskure, da kuskurenta za ta zauna shekara da shekaru.

2. Abin da a ke nufi da daidaita aiki

Manhaja guda takan raba aikinta rassa da yawa masu gudana lokaci ɗaya. In rassa biyu suka taɓa lissafi guda tare, misali ɗaya yana ƙara kuɗi a asusu ɗaya yana cirewa, sai lissafin ya rikice. Maganin wannan shi ne kwaɗo: wanda ya riga ya kulle, saura su jira.

Cikin 2002 aka shigar da wata dabara cikin Linux mai suna futex, aikin Rusty Russell da Hubertus Franke da abokansu. Kwaɗon nan lamba ce guda mai bit 32, bit kuwa shi ne gurbi ɗaya mai ɗaukar sifiri ko ɗaya. Lambar tana zaune a wurin ajiyar manhaja. In ba mai jayayya, reshe ya sauya lambar ya wuce, cibiya ba ta ma sani ba. In ya tarar a kulle, sa'an nan ya je ƙofa ya ce a kwantar da shi muddin lambar tana nan yadda ya gan ta. Cibiya takan sake duba lambar kafin ta kwantar da shi, don kada ya zamana an buɗe kwaɗon yana kan hanya, ya yi ta jiran farkarwar da ta riga ta wuce. Watau lamba ɗaya ce, amma ɓangare biyu ke karanta ta, kuma tilas su yarda a kan faɗinta da ma'anarta har abada.

Haka kuma sha'anin agogo. Cibiya takan rubuta lokaci a wani shafi da manhajoji ke iya karantawa ba tare da sun je ƙofa ba. Tana da wata ƙidaya da ta ke mayarwa mara in ta fara rubutu, ta mayar cika in ta gama. Mai karatu ya duba ƙidayar kafin da bayan karatunsa. In ya ga mara, ko ya ga ta sauya, sai ya sake.

3. Ƙofar da aka yi ƙarama

Babban misalin ƙarancin hangen nesa shi ne ƙidayar lokaci. Unix tana ƙirga sakan tun daga 1 ga Janairu 1970. A injuna masu bit 32, iyakar abin da gurbin zai ɗauka shi ne 2,147,483,647. Wannan adadi zai cika ran 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4 da minti 14 da sakan 7 na asuba agogon Kano. Sakan ɗaya bayan haka, injin da ba a gyara ba zai ɗauka ran 13 ga Disamba 1901 ce, watau zamanin da Sarki Alu ke kan gadon Kano, tun Turawa ba su ci birnin ba cikin Fabrairu 1903.

Abin ya shafi kwaɗo ma, domin mai jira yakan gaya wa cibiya wa'adin da zai daina jira, da wannan ƙaramin gurbi kuwa a ke faɗa. Da ya ke ba dama a faɗaɗa tsohuwar ƙofa, sai cikin 2019, a Linux 5.1, aka fasa sababbin ƙofofi masu bit 64 kusa da tsofaffin. Duk da haka na'urar da aka sayar da tsohuwar manhaja, ba mai sabunta ta, tana nan da cutarta.

4. Ƙa'idodin da aka koya

Ta farko, a bar gurbin alamomi tun ran gini, ko da ba a san abin da za a yi da shi ba. Ƙofar sauya sunan fayil ba ta da shi, har sai da aka yi renameat2 cikin 2014.

Ta biyu, cibiya ta ƙi duk alamar da ba ta sani ba. Tsohuwar ƙofar buɗe fayil takan yi shiru ta wuce in ta ga baƙuwar alama. Sakamakon haka, sabuwar manhaja ba ta iya gane ko an biya mata bukata ko an yi biris da ita. Shiru a nan ba amsa ba ne.

Ta uku ita ce mafi muhimmanci: manhaja ta faɗi tsawon takardar bayanin da ta miƙa. A kan wannan aka gina clone3 cikin 2019 da openat2 cikin 2020, Aleksa Sarai kuwa ya rubuta hukuncin a wuri guda domin kowace ƙofa ta bi. In tsawon ya yi daidai, shi ke nan. In takardar manhaja ta fi gajarta, watau tsohuwa ce, cibiya ta cike sauran gurabe da sifiri. In ta fi tsawo, watau manhaja ta girme wa cibiya a sani, sai cibiya ta duba rarar: in duk sifiri ce ta karɓa, in akwai wani abu ciki ta ƙi, ta kuma faɗi dalili. Sharaɗin da ke riƙe da wannan duka shi ne, duk sabon gurbin da za a ƙara, a ƙarshe za a sa shi, kuma sifiri a cikinsa ya zama ma'anarsa "a yi yadda aka saba".

Faɗin tsawo kaɗai ba ya wadatarwa. Cikin 2006 aka ƙara wa futex jerin kwaɗunan da reshe ke riƙe da su, domin in ya mutu cibiya ta sanar da masu jira. Ƙofar tana karɓar tsawo, amma ba ta yarda sai da tsawo guda tak, saboda haka ba ta miƙuwa yadda clone3 ke yi.

Ta huɗu, kowace lamba a ƙayyade faɗinta, lokaci da adireshi kuwa a ba su bit 64 ko a kan ƙaramin inji. Haka aka yi wa futex_waitv, wadda ta shigo a Linux 5.16 cikin 2022 domin reshe ya iya jiran kwaɗuna da dama lokaci ɗaya.

Ta biyar ta shafi bayanin da ke fitowa daga cibiya. A nan cibiya ce ya kamata ta faɗi iyakar abin da ta cike. Tsarin rseq na Mathieu Desnoyers, wanda ke gaya wa reshe a kan wace ƙwaƙwalwar inji ya ke gudana, ya shigo cikin 2018 da tsayayyen tsawo. Cikin 2023, a Linux 6.3, aka sa cibiya ta riƙa sanar da manhaja tun farkon tashinta yawan guraben da ta sani.

5. Abin lura ga malamai

Ɗalibi yakan zaci gwanintar maginin manhaja ita ce ya hango duk abin da gobe za ta kawo. Tarihin nan ya nuna ba wanda ya iya haka. Abin da ke yiwuwa shi ne a bar fili, a faɗi awo, a kuma yarda tun farko a kan abin da kowane ɓangare zai yi in ya gamu da abin da bai sani ba. Malamin da zai koyar da wannan da Hausa ya kamata ya sa ɗalibai su lissafa ranar 2038 da hannunsu, su raba adadin nan da sakan 86,400 na yini guda, sa'an nan su zana takarda mai gurbi uku, su ƙara mata na huɗu, su gwada hukuncin tsawo ta fuskokinsa uku.