Ba kullum ring ne mai laifi ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin talaka, sai tsofaffin mashinan da aka jingine a zaure suka fara fitowa. A garejojin Kontagora yanzu ba abin mamaki ba ne ka tarar an baje injin tsohuwar Honda CG125 ko Jincheng a kan buhu. Tare da su wata magana ta bazu a bakin 'yan acaba: wai ring ɗin fistan na yanzu duk jabu ne, ka sa sabo yau, kafin wata ya mutu hayaƙi ya dawo.

Akwai jabu a kasuwa, ba musu. Amma sau da yawa ring ɗin lafiyarsa ƙalau, gidan da aka sa shi ne ya cinye.

Fistan yana hawa da sauka a cikin bulok sau dubbai a minti ɗaya, kuma bangon ba ya cinyewa daidai. Ya fi ci daga sama, inda zafi ya fi yawa, mai kuma ya fi ƙaranci. Ya fi ci ta gaba da baya, inda fistan ke jingina, fiye da ta gefe. A hankali ramin da aka ƙera zagayayye sai ya koma siffar ƙwai. Sabon ring kuwa zagayayye ne cif. Tamkar ka sayi sabon murfi ne ka ɗora a kan tukunyar da bakinta ya lotse: tururi zai fita, sai ka koma kana zagin mai sayar da murfi.

Abin haushin shi ne, gane wannan ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Bakanike ya shafa farcensa a saman bulok daga ciki. In ya ji tudu inda ring ke tsayawa, bango ya ci. Sannan ya zura ring shi kaɗai a ramin, ya tura shi da kan fistan ya zauna daidai, ya auna tazarar da ke tsakanin bakinsa biyu da siraran ƙarafan nan da ake saita bawul da su. A inji irin na CG125, mai faɗin milimita 56.5, tazarar sabon ring ba ta wuce 0.15 zuwa 0.35. In ta haura rabin milimita, magana ta ƙare. A auna a sama, a auna a ƙasa; bambancin shi ke nuna yadda bulok ya buɗe. In ya buɗe da yawa, sai a kai shi a sake huda shi, a sa fistan mai ƙarin girma: 0.25, 0.50, 0.75, har 1.00. Amma garejoji nawa ne ke yin awon? Galibi da ido ake yi, a girgiza fistan da hannu, a ce "zai yi, maigida." Mai babur kuwa dama abin da yake son ji ke nan, don kuɗin ring kaɗai ya riƙo.

Ba kuma kowane hayaƙi ne na ring ba. Baƙi, fetur ne ya yi yawa, a duba kafireta. Mai shuɗi-shuɗi da ke fita da safe in an tayar, ya ɗauke daga baya, galibi robar bawul ce. Tsohuwar Vespa da Suzuki A100 kuwa da hayaƙinsu aka san su, tunda mai suke ƙonawa tare da fetur.

Sai ƙura. Wanda ke bin hanyoyin ƙauyukan Mariga da Rijau da hunturu, ya cire soson matatar iska wai don mashin ya ƙara gudu, yashi yake ɗura wa injinsa da hannunsa. Ko ring na asali daga Japan ba zai jure ba. Zuba baƙin mai mai kauri kuma ɓoye hayaƙi kawai yake yi na ɗan lokaci.

Malam mai babur, kafin ka miƙa kuɗin ring, ka ce bakanike ya zura shi a bulok ya auna a gabanka. In bai da ma'aunin, ka tura mashin ɗinka gareji na gaba.